Waken Mma Basiratu

Abdul-Kudus ya dawo Kumasi daga Accra da kaya biyu: kwamfutar cinya wadda murfinta ya tsage, da baki wanda babu abin da ya same shi. Kwas ɗin da ya je yi bai ga ƙarshensa ba, amma ya daure har ranar ɗaukar hoto, saboda haka yana da shaida. Tun bai sauke jaka ba ya sanar da mutanen unguwarsu ta Alabar cewa daga yau sunansa Injiniya. Suka yi masa barka, suka ci gaba da kiransa Kudus.

Ƙanwar mahaifiyarsa, Mma Basiratu, ita ta riƙe shi tun yana yawo ba wando. Waakye take sayarwa a bakin titi tun kafin a haife shi: shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har suka yi ja, ga shito, soyayyen yajin nan baƙi wuluk, ga taliya da garin rogo da ganda da ƙwai. Da can sai an yi layi. Yanzu kuwa wata mai suna Humu ta buɗe tata rumfar a tsallaken titi, 'yan babur masu kai abinci sun yi mata cincirindo saboda sunanta na cikin waya. Wannan bai hana Mma barci ba. Abin da ya hana ta shi ne bikin gidan Alhaji Osmanu na Atonsu. Duk aure da suna da aka taɓa yi a gidan nan ita ta dafa. Bana zai aurar da autarsa, sai 'ya'yansa suka ce su a waya za su duba wadda ta fi iya girki a Kumasi. Alhaji ya ce zai yi shawara.

Kudus ya same ta tana kwashe ƙanzo, ya ja benci, ya ɗora kwamfuta a kan murfin tukunya.

"Mma, a zamanin nan duk wanda aka nema a intanet ba a gan shi ba, ya mutu. Binne shi ne kawai ba a yi ba."

"To wutar nan da aka hura da asuba, gawa ce ta hura ta?"

"Mutuwar kasuwa nake nufi. Akwai abin da ake kira injin bincike. Mutum ya rubuta abin da ransa ke so, injin ya zagaya duniya ya jero masa sunaye. Wanda ya zo na farko shi ya ci kasuwa. Wanda ya faɗa shafi na biyu, ko uwar da ta haife shi ba za ta same shi ba."

"Humu ta nawa ce?"

"Ta farko. Amma don ban dawo ba ne."

Mma ta dubi tsallaken titi, ta ga Humu na miƙa wa ɗan babur leda tana dariya har da riƙe ƙugu.

"Ɗauke abin nan daga kan tukunyata," in ji ta. "Sannan ka je ka sa ni a gaba."

Ofishin Injiniya ya zama bencin Abass mai aski, saboda nan ne ake samun soket. Abass mutum ne da bai taɓa hana kowa faɗawa rami ba, sai dai ya gyara zama don ya gani da kyau.

Aka fara da hoto. Kudus ya sa Mma ta ci ado, ta yafa mayafin da ta dawo da shi daga Makka. Ya ce ta yi murmushi, ta ce ba ta ga abin dariya ba. Hoton ya fito tana kallon nesa, fuska a ɗaure. Kudus ya cire masa launi ya mai da shi fari da baƙi, wai manyan kamfanonin Turai haka suke yi. A ƙasa ya sa shekarar da ta fara sana'a, ya ja ɗan layi, ya sa shekarar bana, don duniya ta san daɗewarta a fage. Ya ƙara da kirari cikin Turanci, cewa ta ciyar da Alabar, ba za a taɓa mantawa da hannunta ba.

Abass ya leƙo ta kan kafaɗarsa, almakashi a hannu.

"Injiniya, haruffanka sun zube. Waakye ake rubutawa. Dubi allon Humu."

Kudus ya rufe ido kamar wanda aka taka wa gyambo.

"Ka ga irin abin da ya hana Zongo ci gaba. Kalmar nan tamu ce. Wake. W, A, K, E. Asantawa ne suka karɓa bakinsu bai iya ba, suka lanƙwasa ta, ku kuma kuka bi su. Ni kakana daga Kano ya zo da fataucin goro. Ba zan rubuta Hausa da kuskuren wani ba."

"Kai da jiya na ji ka ce matar liman ya haihu?"

"Wannan magana ce. Yanzu rubutu ake yi. Kuma akwai dabara a ciki: kowa na rububin waakye, ni na kama kalmar da babu mai abinci ko ɗaya a kanta. Fili fetal."

"Haka ne," in ji Abass. "Ban taɓa ganin mai abinci a kanta ba."

A Accra an koya wa Kudus cewa injin bincike na son ya ga kalma tana maimaituwa. Bai tsaya jin inda aka ce kada a cika ba. Ya rubuta shafin da Turanci, saboda masu nema da Turanci suke nema, kalma ɗaya tak ya bari a Hausarta, ya barbaɗa ta ko'ina kamar gari a kan waakye. A sama: Hajia Basiratu Wake. A tsakiya: Best Wake in Kumasi. A ƙasa: Family Wake, All Are Welcome. Ya dasa alamar rumfar a taswira, ya sa lambar wayar Mma da manyan baƙaƙe.

Abin da Injiniya bai tsaya ya tuna ba shi ne, waɗannan haruffa huɗu suna da wani mai su. A Turanci, in an karanta su "wek", sunan zaman makokin da ake yi wa mamaci ne kafin a binne shi. A Kumasi kuwa, inda jana'iza ta fi biki cika, babu kalmar da ake nema da gaggawa kamarta.

Ba a daɗe ba ya shigo shagon aski da gudu, waya a sama.

"Ku duba. Na rubuta wake, na rubuta Kumasi. Wa ke sama?"

Mma ce a sama, tana kallon nesa.

"Su wa ke bin ta?" in ji Abass.

"Wasu ƙananan kamfanoni ne."

"Me ya sa hotunansu duk furanni ne da dogayen motoci baƙaƙe?"

"Da su suke kai abinci. Mu ma za mu kai nan."

Ranar nan wayar Mma ta fara ƙara. Kudus ya fizge ta kafin Mma ta goge hannu, ya gyara murya. Wani dattijo ne, yana magana a hankali da Twi, harshen Asantawa. Da Twi da Hausar Zongo, akwati kowane iri adaka ake ce masa, har da ɗan na robar nan da ake zuba abinci.

"Na ga shafinku. Kuna haɗawa da adaka?"

"Sosai, Baba. Manya da ƙanana, na roba mai murfi, ba ya yoyo."

"Na roba?"

"In ba ka son roba mu naɗe a ganye. Tsofaffi sun fi son ganye, ya fi ƙamshi."



"Yayana ne fa. Mutum ne mai jiki."

"Mai jiki ai ɗaya ba za ta ishe shi ba. Mu raba masa a biyu."

Dattijon ya faɗi wata kalma da ba a faɗa wa ɗan mutane, ya kashe waya. Kudus ya juya wurin Mma yana murmushi.

"Farashi yake ja. Zai dawo."

Sauran kiran Mma ce ta amsa da kanta. Wata ta tambaye ta ko tana da masu kuka na haya. Wani ya tambaya ko masu ɗaukar nata suna rawa da kaya a kafaɗa. Wani ya ce nasa yana cikin firji tun watan jiya, yaushe za a zo a ɗauka. Mma ta ce abin da ya yi wata a firji a zubar da shi kawai, mutumin ya fashe da kuka.

"Kudus, mahaukatan garin nan duk ka ba su lambata?"

"Shi ake kira cunkoson maziyarta, Mma. Kamfanoni na kashe dukiya don su same shi."

"To na sayar musu."

Ta kashe wayar, ta jefa ta cikin kwanon barkono. Washegari Juma'a ta rufe rumfa, ta kama hanyar Ejura sayen wake da shinkafa, don in Alhaji Osmanu ya kira a same ta a shirye. Ta ce da yamma za ta dawo, kuma kada kowa ya taɓa mata tukwane.

Nan Kudus ya ga dama ta samu. Shafi irin wannan ai sai da bikin buɗewa, kuma ba-zata zai yi mata. Ya ƙara sanarwa a saman hoton: Grand Wake, Saturday, Alabar. Ya tura wa zauren dangi na waya, da na tsofaffin ɗalibai, da na 'yan Zongo mazauna Jamus, da duk lambar da ya taɓa ajiyewa, har ta babban ɗan Alhaji Osmanu. Sannan ya kashe tasa wayar shi ma, don kada masu taya murna su hana shi aiki. Ya nufi unguwar Akwatialine wurin mai ba da hayar rumfa da kujeru.

"Na wa ne?" in ji mai haya.

"Na Mma Basiratu mai waakye. Gobe."

Mutumin ya cire hularsa a hankali.

"Kai. Mace ta gari."

"Ai yanzu ne duniya za ta san darajarta."

"Haka muke, 'yan Adam. Sai yanzu. Je ka, ni zan zaɓo wanda ya dace."

Da safiyar Asabar Mma ba ta dawo ba. Motarsu ta lalace a hanya, ta kwana gidan wata ƙawarta. Kudus ya fito cikin kwat ya tarar an kafa rumfuna ja da baƙi, an jera kujeru suna kallon juna. Ya ɗan tsaya. Launin ya yi masa kama da wani abu. Sai ya tuna ja launin miya ne, baƙi launin shito, ya yaba wa mai haya da sanin talla. Ya rataye babban hoton Mma a tsakiya, daidai saman tukwanen da ke kife.

Maame Serwaa ce ta fara isowa, shugabar masu sayar da kifi, wadda Mma ke saye a wurinta shekara da shekaru. Ta zo da matan ƙungiyarta cikin zane ja da baƙi irin na makokin Asantawa, hannuwa a ka, suna rera kuka tun daga kwanar titi. Kudus ya tare su da fara'a.

"Ku zauna, Maame, ku zauna. Yanzu za a fara."

Ya raɗa wa Abass, wanda ya fito da bencinsa waje, "Ka ga yadda Asantawa ke nuna ƙauna? Har da hawaye."

"Ina gani," in ji Abass.

Sai ga matan Zongo na nesa, na Aboabo da na Asawase, mayafai a karkace. Wata tsohuwa 'yar Aboabo ta kama hannun kwat ɗinsa.

"Kudus, me ya sa ba a sanar a masallaci ba?"

"A intanet aka sanar, Goggo. An wuce zamanin lasifika."

"Yaushe ta tafi?"

"Jiya da safe."

"Ta yi jinya?"

"Lafiyarta ƙalau. Har koko ta sha, ta ɗauki jakarta."

"Ba ta bar wata magana ba?"

"Ta ce kada a taɓa mata tukwane."

Wuri ya kaure da salati da koke-koke. Humu ta tsallako titi, ta faɗi gaban hoton tana birgima, tana cewa Yaya Basira ta tafi ta bar ta da wa. Kukanta ya fi na kowa ƙarfi, idonta ya fi na kowa bushewa. 

Ana haka motar Alhaji Osmanu ta tsaya. Ya fito da sanda, fuska a murtuke. Bai gaisa da kowa ba, ya nuna rubutun da ke saman hoton da kan sandar.

"Kai, yaro. An yi sallarta ba a gaya mini ba, na haƙura. Amma wannan abin da ka rubuta, yaushe ya zama al'adarmu a Zongo?"

Kudus ya ji an zo fagensa. Ya gyara kwat.

"Alhaji, ai namu ne tun asali. A wurinmu Asantawa suka koya. Kai kanka duk bikin gidanka shi ake yi, har baƙi su roƙi ƙari."

"A gidana?"

"Har na wannan autar taka muke fata, in Allah ya yarda."

Sai da mutum biyu suka riƙe sandar. Alhaji ya huce da ƙyar, ya waiga ya ga Humu a ƙasa.

"Tashi, 'yata. Rai na Allah ne. Biki ya matso, ita kuma da na yi niyyar ba wa ta riga mu gidan gaskiya. Jama'a ku shaida, na ba ki girkin."

Humu ta share fuska da bakin zane.

"Don darajar marigayiya kawai zan karɓa, Alhaji."

"Wace marigayiya?" in ji Kudus.

 Abass ya taso, ya tsaya gaban hoton, ya karanta rubutun da ƙarfi, da irin Turancin masu sanarwar rasuwa a rediyo.

"Hajia Basiratu. Wek."

Kudus ya dubi haruffan nan huɗu. Ya dubi hoto fari da baƙi. Ya dubi shekaru biyu da ɗan layi a tsakaninsu. Ya dubi rumfa ja da baƙi, wadda yanzu ko kaɗan ba ta yi kama da miya da shito ba. Ya buɗe baki, karo na farko tun dawowarsa daga Accra babu abin da ya fito.

A daidai lokacin aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya kutso cikin taron yana hon. A bayansa, a kan buhunan wake, Mma Basiratu ce zaune, ta yi buɗu-buɗu da ƙurar hanya, tana riƙe da jaka a cinya.

Matan kifi suka watse, kujeru suka bi su. Tsohuwar Aboabo ta manta da ciwon gwiwarta. Alhaji ya ja da baya yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Mma ta sauko a hankali, ta dubi rumfunan, ta dubi jama'a, ta daɗe tana duban hotonta.

"Wa ya mutu?"



"Ke ce, Mma," in ji Abass. "Sannu da dawowa."

"Kai ka san ina Ejura."

"Ni aski nake yi. Ba a tambaye ni ba."

Da aka gama yi mata bayani, kowa na katse kowa, Maame Serwaa ta matso ta tsunkule ta a dantse don ta tabbatar, sannan ta rungume ta tana zaginta da Twi. Mma ta zame, ta nufi Alhaji Osmanu, ta nuna masa buhuna.

"Alhaji, waken bikinka ne wannan. Da kaina na zaɓo."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, na riga na furta a gaban jama'a. Da kin yi saurin tashi ko da kaɗan ne."

"Alhamdu lillahi da Allah ya dawo mana da ke, Yaya," in ji Humu. "Ranar bikin in kin samu sarari, ki leƙo ki taya ni yankan albasa."

Mma ta ɗauke ido daga kanta. Ta juya. Jama'a suka dare, suka bar Kudus shi kaɗai a tsakiyar fili da kwat ɗinsa.

"Goge shi."

"Mma, gyara kaɗan ne. Haruffa biyu za a ƙara."

"Goge shi yanzu, ina kallo."

Ya buɗe kwamfuta a kan kujerar haya, mutane suka kewaye shi. Ya buga kalmar sirri, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya gwada sunan kakansa na Kano, ya gwada Injiniya da manyan baƙaƙe. Gumi ya sauko masa har cikin kwala. Shafin ya gaji ya kulle shi waje.

"Na sa masa makulli mai ƙarfi ne, Mma. Irin wanda babu mai iya buɗewa."

"Har kai?"

"Shi ne ƙarfin nasa."

Dariyar da aka yi ta kai tsallaken titi, har 'yan babur ɗin Humu suka leƙo. Kudus ya rufe kwamfutar, ya miƙe, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na murya.

"Amma a faɗi gaskiya, jama'a. Na ce zan sa ta a gaba. Ku duba wayoyinku. Wa ke sama?"

Aka duba. Mma ce a sama, tana kallon nesa.

Mma ta shiga rumfarta, ta zaro wayar daga kwanon barkono, ta kunna. Nan take ta fara ƙara. Ta kamo hannun Injiniya ta danƙa masa, ta naɗe yatsunsa a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ofis na ba ka. Kai ka kashe ni, kai za ka riƙa tashe ni, har ranar da makullinka ya buɗe."

Makullin bai buɗe ba. An yi bikin Atonsu, an ce shiton Humu ya yi ruwa, amma an cinye. Shafin yana nan daram a sama, ya danne masu furanni da dogayen motoci. In ka bi ta Alabar da safe za ka ga wani saurayi a gefen tukunya, ludayi a hannu ɗaya, waya a ɗayan, idonsa na hawaye saboda barkonon da ya shige cikin wayar. Ba ya jira mai kira ya yi magana.

"Salamu alaikum. Ba ta mutu ba. Da ƙwai ko da kifi?"